Ƙananan asibitoci da cututtukan da ke zuwa farat ɗaya

Yawancin cututtukan da ke kwantar da mutane cikin gaggawa a Kano suna farawa ne da alamomi uku da kowa ya saba da su, wato zazzaɓi da gudawa da tari.

Mafi yawansu ana iya maganinsu a ƙaramin asibitin unguwa cikin 'yan kwanaki. Sai dai akwai kaɗan daga ciki da kan hallaka yaro ko babba cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a ranar farko da wuya mai jinya ya iya bambanta su da sauran.

Wannan tantancewa ita ce babban aikin ma'aikacin lafiya a matakin farko: ya gane wanda za a ba magani ya koma gida, da wanda za a tura babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Matakai uku na asibitoci

A unguwar Nassarawa GRA ne asibitin Muhammad Abdullahi Wase yake, wanda har yanzu jama'a ke kira Asibitin Nassarawa. An sa masa sunan Kanar Muhammad Abdullahi Wase ne, gwamnan mulkin soja na jihar Kano wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a Jos a 1996.

Wannan asibiti, da na Murtala Muhammad da ke cikin birni, da na yara na Hasiya Bayero, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, duk wurare ne da aka tanada domin cutar da ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti.

A tsarin kiwon lafiya na Najeriya, ana son marar lafiya ya fara ne daga cibiyar lafiya ta matakin farko, wadda mutane ke kira asibitin sha-ka-tafi. Daga nan sai babban asibitin jiha, sannan asibitin koyarwa. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnatin tarayya ita ce a samu aƙalla cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa.

Tsarin ya samo asali ne daga taron da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka shirya a birnin Alma-Ata a 1978. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe muƙamin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya kafa tushensa a Najeriya. A 1992 aka kafa hukumar NPHCDA mai kula da wannan mataki, sannan dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya.

A yawancin waɗannan cibiyoyi ba likita ne ke duba marasa lafiya ba. Jami'an lafiyar al'umma ne da ma'aikatan jinya da ungozomomi, kuma suna aiki ne da rubutacciyar ƙa'ida da ta fayyace abin da za su iya magancewa da abin da wajibi ne su tura gaba.

Duk da haka, mutane da dama kan fara ne da kemis. Sai magani ya ƙi ci, bayan kwana uku ko huɗu, sannan a garzaya babban asibiti da marar lafiya a galabaice.

Alamomin haɗari ga yara

A tsakiyar shekarun 1990, WHO da UNICEF sun fito da wani tsari na duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda Najeriya ke amfani da shi. Tsarin ya umarci ma'aikaci ya fara neman wasu alamomi kafin ma ya tambayi sunan cutar.

Alamomin su ne yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko kuma ya yi laushi har ya zama da wuya a tashe shi daga barci.

Ko ɗaya daga cikinsu ta isa a ba yaro maganin farko nan take, a tura shi babban asibiti. Iyaye ma suna iya gane su a gida, kuma idan sun bayyana ba a jiran wayewar gari.

Jaririn da bai kai wata biyu ba yana da hukunci na dabam. Idan jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi fiye da ƙima, ko ya rage kama nono, ana ɗaukar lamarin a matsayin mai tsanani, domin ƙwayoyin cuta na saurin shiga jininsa.

Haka ma mai cutar sikila. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu wannan cuta a duniya, kuma zazzaɓi a jikinsu na buƙatar a duba shi a ranar da ya fara.

Zazzaɓi: gwaji kafin magani

Rahoton WHO na 2023 ya nuna cewa Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi 31 na waɗanda ke mutuwa sakamakonsa. A Kano cutar ta fi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Wannan ya sa da zarar jiki ya yi zafi sai a ce maleriya ce. Amma ciwon huhu da ƙyanda da ciwon kunne da ciwon mafitsara da sanƙarau duk suna farawa da zazzaɓi. Shi ya sa tun 2010 WHO ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya.

Gwajin gaggawa na buƙatar ɗigon jini ɗaya daga yatsa, kuma sakamako na fitowa cikin kimanin minti 20. Idan ya nuna babu maleriya, aikin ma'aikaci shi ne ya nemi musabbabin zazzaɓin a wani wurin: ya duba maƙogwaro da kunne, ya ƙirga numfashi, ya gwada fitsari idan da hali.

Idan kuma akwai, Najeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin maganin farko tun tsakiyar shekarun 2000, saboda ƙwayar cutar ta daina jinsa. Abin da ake bayarwa yanzu shi ne haɗin magunguna da ake kira ACT, irin su Coartem, wanda ake sha sau shida cikin kwana uku. Jiki ya fi karɓarsa idan an sha tare da madara ko abinci mai maiƙo. Mutane da yawa kan ajiye shi a rana ta biyu da zarar sun ji sauƙi, abin da kan sa cutar ta dawo.

Maleriya mai tsanani kuwa ba ta ƙaramin asibiti ba ce. Alamominta sun haɗa da fita hayyaci, da jijjiga, da tafin hannu ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, da idanu su yi rawaya, da fitsari ya koma baƙi. Ana fara yi wa marar lafiya allurar atesunet, ko a sa wa ƙaramin yaro maganin ta dubura, sannan a tura shi inda za a iya yi masa ƙarin jini.

Tun 2012 WHO ta amince da raba wa yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafi duk wata a lokacin damina a yankin Sahel, kuma Kano na cikin jihohin da ake yin haka. A watan Disamban 2024 Najeriya ta fara yi wa yara allurar rigakafin maleriya, inda aka soma da jihohin Kebbi da Bayelsa.

Batun taifot

Abu ne da aka saba ji a Kano mutum ya ce an gwada shi an samu maleriya da taifot. Galibi wannan hukunci ya dogara ne da gwajin Widal, wanda ke auna martanin da jiki ya taɓa mayarwa ga ƙwayar cutar.

A wuraren da taifot ta yawaita, gwajin kan nuna alamar cuta a jikin mutumin da ya daɗe da warkewa, ko wanda wata cutar ce dabam ke damunsa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Illar kuskuren ita ce mutane na shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa buƙata ba, har ƙwayoyin su daina jin magani. Taifot ta gaskiya kuma cuta ce mai haɗari. Zazzaɓinta na ƙaruwa sannu a hankali har ya wuce mako guda, kuma tana iya huda hanji. Ciwon ciki mai tsanani tare da kumburi bayan doguwar jinya na buƙatar likitan tiyata cikin gaggawa.

Gudawa da kwalara

Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ma'aikaci kan duba ko idanun yaro sun zurma, ko yana shan ruwa da zalama, sannan ya ɗan ja fatar cikinsa ya saki. Idan fatar ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, ruwa ya ƙare sosai kuma sai an yi ƙarin ruwa ta jijiya.

In ba haka ba, maganin shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, wato ORS. Ana zuba fakitin a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, kuma a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi kamar rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, wanda ya girme shi kuma rabin kofi zuwa kofi guda. Idan ya yi amai sai a jira minti 10, a ci gaba da ba shi da cokali.

Inda babu fakiti, ana iya haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yawan gishiri na da haɗari ga yaro, don haka ba a yin cokalin tozo.

Tun 2004 WHO da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zink na tsawon kwana 10 zuwa 14, domin tana rage tsawon gudawar. Ba a dakatar da nono ko abinci. Yawancin gudawar yara ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai idan da jini a cikin bayan gida. A 2022 Najeriya ta sa rigakafin ƙwayar rota, wadda ke yawan haddasa gudawar jarirai, cikin jerin rigakafin yara.

Kwalara kuwa tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin 'yan sa'o'i. Ana gane ta da zawo mai yawa, fari kamar ruwan wankin shinkafa, tare da amai. A ɓarkewar 2021, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ana fara ba marar lafiya ORS tun daga gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya.

Tari da numfashi

Lokacin hunturu, ƙura da sanyi kan cika asibitoci da masu mura da tari. Yawancinsu kan warke da kansu cikin mako ɗaya ko biyu, da ruwan ɗumi da hutu da parasitamol.

Abin da ake nema a cikinsu shi ne ciwon huhu, wato namoniya, kuma ana iya gano shi da agogo kaɗai. Ana ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cif yana kwance a natse. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, sau 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, sau 40.

Yaron da numfashinsa ya kai haka ana ba shi amoksisilin, a sake duba shi bayan kwana uku. Idan kuma yana numfashi da ƙyar, ko leɓensa ya canza launi, ko ya nuna ɗaya daga alamomin haɗari, yana buƙatar asibitin da ke da iskar oksijin.

Tarin da ya wuce mako biyu, musamman tare da rama da gumin dare, ana gwada majinar mai shi domin neman tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware.

Sanƙarau da mashaƙo

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin rani, musamman idan zafi ya tsananta a watannin Maris da Afrilu. A annobar 1996, mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Kano na cikin inda ta fi ɓarna.

Rigakafin MenAfriVac da aka fara a ƙasar a 2011 ya karya lagon nau'in da ya haddasa waccan annoba. Sai dai wani nau'in ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, inda ya kashe fiye da mutum 1,000. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon rigakafi mai kariya daga nau'o'i biyar.

Alamomin cutar su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske. A jikin jariri wuya ba lallai ya sanƙare ba, amma madigarsa kan kumbura. Ana yin allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta tun kafin a tura marar lafiya, domin jinkirin sa'o'i kan jawo mutuwa ko kurumta.

Mashaƙo kuma ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2022, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu, yawancinsu yaran da ba su kammala rigakafi ba. Yakan fara kamar ciwon maƙogwaro, sannan wata fata mai launin toka ta rufe maƙogwaron, wuya ya kumbura. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli a irin wannan hali na iya jawo zubar jini da toshewar numfashi. Ana killace shi ne, a ba shi maganin da ke karya dafin ƙwayar, a kuma duba sauran mutanen gidan.

Jijjiga

Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar na iya yin jijjiga saboda zafin zazzaɓi kawai, amma maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau ma haka suke zuwa. Ana kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni. Ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa mai ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Jijjigar da ta wuce minti biyar na buƙatar maganin tsayar da ita nan take. Addu'a ana iya yin ta a kan hanyar asibiti.

Ga mai juna biyu, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi da kumburin fuska alamu ne na hawan jinin da kan kai ga jijjiga. A 2008 jihar Kano ta fara amfani da allurar magnesiyam salfet a manyan asibitocinta 10, kuma binciken da aka yi a kan shirin ya nuna mace-macen matan da suka yi jijjiga sun ragu daga kimanin kashi 20 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi uku. Zubar jini a kowane lokaci na ciki, ko bayan haihuwa, shi ma ba a jira da shi.

Manya: hawan jini da sukari

Hawan jini kan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ana lura da lokacin da abin ya fara, a nufi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ba a ba shi asfirin kafin hoton, domin idan jijiya ce ta fashe maganin zai ƙara zubar jinin. Ba a kuma ba shi abinci ko ruwa sai an tabbatar yana iya haɗiya.

Ciwon ƙirji mai kama da an ɗora wa mutum dutse, wanda ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi tare da gumi, na iya zama bugun zuciya, kodayake mutane kan ɗauke shi a matsayin gyambon ciki.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa, musamman a lokacin azumi. Zai ji karkarwa da gumi da ruɗewa. Idan yana cikin hayyacinsa sai a ba shi sukari ko zuma ko lemo mai zaƙi nan take. Shawarar likitoci ita ce a karya azumi idan ma'auni ya nuna ƙasa da 70, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Idan an tura marar lafiya gaba

Turawa babban asibiti wani ɓangare ne na magani. Ƙa'ida ta tanadi a ba marar lafiya maganin farko kafin ya tashi, a kuma rubuta masa takarda mai ɗauke da abin da aka gani, da abin da aka ba shi, da lokacin da aka ba shi.

Masu jinya su riƙe wannan takarda, da katin rigakafin yaro ko katin awon ciki, da kwalayen duk magungunan da aka sha a gida, har da na gargajiya. Idan ana zaton za a buƙaci ƙarin jini, yana da kyau a tafi da ɗan'uwan da zai iya bayarwa.

Wanda aka sallama zuwa gida kuma ana faɗa masa ranar da zai dawo, galibi bayan kwana biyu ko uku idan zazzaɓi bai sauka ba. Idan ɗaya daga alamomin haɗari ta bayyana kafin ranar, ana komawa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.